Sinadaran korar ƙwaron ɓawon itace

Sinadaran korar ƙwaron ɓawon itace wasu sinadarai ne masu tashi cikin iska, waɗanda ake maƙalawa a jikin bishiyoyi ko a watsa su cikin daji domin su hana ƙwarin da ke rayuwa a ƙarƙashin ɓawo taruwa a kan bishiya. Ana ce musu na halitta saboda asalinsu daga jikin ƙwarin ne, ko daga ƙananan halittun da ke zaune tare da su, ko kuma daga ganye da ɓawon wasu itatuwa, duk da cewa wanda ake sayarwa a kasuwa galibi a masana'anta ake haɗa shi. Ba sa kashe ƙwaro. Abin da suke yi shi ne su isar masa da saƙon cewa bishiyar da ya nufa ta riga ta cika, ko kuma ba irin wadda yake ci ba ce, sai ya wuce. Biyu daga cikinsu sun fi shahara: barbenon, wanda littattafan kimiyya ke rubutawa verbenone, da kuma MCH. An fi amfani da su a yammacin Amurka da Kanada, ana kuma gwada su a dazuzzukan tsakiya da arewacin Turai. Sun nuna amfani wajen kare zaɓaɓɓun bishiyoyi masu daraja da ƙananan yankuna, amma ba su taɓa tsayar da babbar annoba ba.

Ƙwaron da ɓarnarsa

Ƙwarin ɓawon itace suna cikin ƙaramin dangin Scolytinae, wanda ya ƙunshi nau'i kimanin 6,000 a duniya. Ƙanana ne ƙwarai, yawancinsu ba su wuce ƙwayar shinkafa ba. Mafi yawa suna cin matattun itatuwa ne ko waɗanda suka raunana, don haka suna da amfani wajen ruɓar da itace da buɗe wa sababbin tsirrai fili. 'Yan kaɗan ne ke iya kashe lafiyayyar bishiya, kuma kusan dukkansu suna cikin jinsi biyu, Dendroctonus da Ips. Bishiyoyin da suke kashewa su ne masu ganye kamar allura na ƙasashe masu sanyi, irin su fayin, wato jinsin Pinus, da sifurus, wato jinsin Picea.

Ƙwaron yana huda ɓawo ya shiga siririn sashen da ke tsakanin ɓawo da itace, inda abincin da ganye ya haɗa yake bi ya sauka zuwa saiwa. A nan yake haƙa rami ya saka ƙwai. Tsutsotsin da suka ƙyanƙyashe su ma sai su haƙa nasu ramukan ta gefe, har su kewaye gangar bishiyar su yanke hanyar abinci. Ƙwaron yana kuma ɗauke da wata funfuna a jikinsa wadda ke shiga cikin itacen, ta rina shi shuɗi-shuɗi, ta toshe hanyoyin ruwa. A wajen Dendroctonus ponderosae funfunar da aka fi sani ita ce Grosmannia clavigera, a wajen Ips typographus kuwa Endoconidiophora polonica. Bishiyar takan mutu tun ganyenta yana kore. Sai bayan watanni ganyen ke komawa ja, lokacin da ƙwarin sun girma ko ma sun riga sun fice.

Girman ɓarnar ne ya sa ake neman kowace irin dabara. Annobar Dendroctonus ponderosae da ta ɓarke a lardin Birtish Kolombiya na Kanada a ƙarshen shekarun 1990 ta shafi daji sama da hekta miliyan 18, kuma a 2006 ƙwarin suka tsallake duwatsun Rocky da yawa suka shiga arewacin lardin Albata. A Turai, farin da aka yi a 2018 ya raunana bishiyoyin Picea abies, Ips typographus ya samu hanya. A Jamhuriyar Cek itacen da aka sare ya haura mita kubik miliyan 30 a kowace shekara a 2019 da 2020, kusan ninki biyu na abin da aka saba, kuma mafi yawansa saran dole ne na bishiyoyin da ƙwaro ya kama.

Yadda ƙwarin ke kiran juna

Lafiyayyar bishiya tana da makami. Idan ƙwaro ya huda ta, danƙo yana ɓulɓulowa ya cika ramin, ya turo ƙwaron waje ko ya shaƙe shi, kuma danƙon yana ɗauke da sinadarai masu guba gare shi. Ƙwaro ɗaya ko goma ba za su iya da ita ba. Sai ɗaruruwa ko dubbai sun afka mata cikin 'yan kwanaki kafin danƙonta ya ƙare. Saboda haka rayuwar waɗannan ƙwari ta dogara ne ga iya tara jama'a da sauri, kuma da ƙamshi suke yin wannan kira.

Sinadarin da wata halitta ke fitarwa domin ta isar da saƙo ga 'yan nau'inta shi ake kira feromon, kalmar da Peter Karlson da Martin Lüscher suka ƙirƙiro a 1959. A 1966 Robert Silverstein da Otto Rodin da David Wood suka ware sinadarai uku daga garin itacen da namijin wani ƙwaron Ips na Kalifoniya ke turowa daga raminsa, suka nuna cewa haɗuwar ukun ce ke jawo sauran ƙwari. Wannan aikin ne ya buɗe fagen.

A wajen Dendroctonus ponderosae mace ce ke fara shiga. Tana ɗaukar wani sinadari na danƙon bishiyar mai suna alfa-pinen, ta mayar da shi barbenol a cikin jikinta, wato ta juya makamin bishiyar ya zama kiran gayya. Ƙamshin yana jawo maza da mata. Mazan da suka iso suna ƙara nasu sinadarin, exo-brevicomin, sannan ƙamshin danƙon da ke zuba daga raunukan yana ƙara wa kiran ƙarfi. A wajen Ips typographus namiji ne ke fara shiga, kuma kiransa haɗin wani nau'in barbenol ne da 2-methyl-3-buten-2-ol.

Sai dai taron yana da iyaka. Sashen da tsutsotsi ke ci siriri ne, kuma idan ƙwarin suka yi yawa fiye da kima 'ya'yansu za su cinye abincin kafin su girma. Don haka da zarar bishiya ta faɗi hannu, ƙwarin da ke ciki suna rage kiran gayya, wasu sinadarai na daban kuma su fara tashi, masu ma'anar cewa nan babu sauran wuri. Ƙwarin da ke tahowa sai su karkata zuwa bishiyar da ke kusa. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin matattun bishiyoyi rukuni-rukuni a daji. Waɗannan sinadarai na hana taro su ne masu kula da gandun daji suka ara: su sa wa bishiyar da ba a taɓa ba ƙamshin wadda ta riga ta cika.

Barbenon

Barbenon ruwa ne mai ƙamshi, tsarinsa C10H14O. Ana samunsa a man wasu tsirrai, musamman wani nau'in rosemary. A 1967 J. A. A. Renwick ya gano shi a jikin mazan Dendroctonus frontalis da Dendroctonus brevicomis. Daga baya aka fahimci cewa ba daga ƙwaron kaɗai yake fitowa ba. Iska tana mayar da alfa-pinen da barbenol su zama barbenon a hankali, haka nan yisti da ke yaɗuwa cikin ramukan ƙwarin yana yin wannan aikin. Ma'ana, barbenon ƙamshin tsohon rauni ne, alamar cewa cikin ɓawon ya fara lalacewa. Wataƙila wannan ne ya sa nau'o'in ƙwari da yawa ke gudunsa, a Amurka da Turai da Asiya, alhali yawancin feromon nau'i ɗaya ko biyu kawai yake shafa.

Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta yi masa rajista a ƙarshen shekarun 1990. Tun daga lokacin ya zama abin da aka fi amfani da shi wajen kare bishiyoyin fayin daga Dendroctonus ponderosae a sansanonin yawon buɗe ido, da harabar gidaje, da wuraren wasan ƙanƙara, da gonakin iri.

Sakamakonsa bai tsaya a wuri ɗaya ba, kuma wannan ne babban abin da aka sani game da shi. A wasu gwaje-gwaje ya rage mutuwar bishiyoyi sosai, a wasu kuwa ba a ga bambanci ba tsakanin inda aka sa da inda ba a sa ba. Misalin da ake yawan kawowa shi ne gwajin shekara biyar da Robert Progar ya gudanar a yankin shaƙatawa na Sawtooth a jihar Idaho, wanda aka wallafa a 2005. A shekarun farko bishiyoyin Pinus contorta da aka kare sun tsira fiye da waɗanda aka bari. Da annobar ta yi ƙarfi, manyan bishiyoyin da ke kewaye suka ƙare, sai ƙwarin suka afka wa waɗanda ke da kariyar su ma. Abin da barbenon ya saya a can lokaci ne, kuma lokacin yana da amfani ne idan an yi wani abu da shi, kamar sare bishiyoyin da suka kamu ko rage cunkoso.

An gano dalilai da dama na wannan rashin daidaito. Hasken rana yana canja barbenon ya koma wani sinadari mai suna chrysanthenone wanda ƙwarin ba su damu da shi ba. Yawan abin da ke fita daga jaka ya dogara ga zafi, kuma tsoffin na'urorin farko ba sa fitar da isasshe. A dajin da bishiyoyi suka yi nesa da juna iska tana kwashe ƙamshin da sauri, shi ya sa ya fi aiki a cunkoson Pinus contorta fiye da buɗaɗɗen dajin Pinus ponderosa. Sannan idan akwai bishiyar da ƙwari ke kan kai wa hari a kusa, kiran gayyar da ke tashi daga gare ta yana iya rinjayar saƙon hani. Akwai ma nau'in da ɗan kaɗan na barbenon ke jawowa maimakon ya kore shi, kamar yadda aka gani a Dendroctonus valens, ƙwaron Amurka da ya shiga ƙasar Sin ya yi ɓarna a lardin Shanxi daga ƙarshen shekarun 1990.

MCH

MCH gajeren suna ne na 3-methylcyclohex-2-en-1-one. An gano shi a farkon shekarun 1970 a jikin Dendroctonus pseudotsugae, ƙwaron da ke kashe bishiyar Pseudotsuga menziesii, ɗaya daga cikin manyan itatuwan katako na yammacin Amurka ta Arewa. Julius Rudinsky na Jami'ar Jihar Oregon da abokan aikinsa ne suka nuna cewa yana rufe kiran gayya. A farko an gwada shi a kan itatuwan da guguwa ta kayar, domin a cikinsu ƙwaron ke hayayyafa kafin ya koma kan tsayayyu. A shekarun 1990 Darrell Ross da Gary Daterman suka nuna cewa yana kare tsayayyun bishiyoyi ma. An yi masa rajista a 1999, aka fara amfani da shi a aikace a 2000.

Shi ne aka fi yarda da shi a wannan fanni gaba ɗaya. Sakamakonsa yana maimaituwa daga wuri zuwa wuri, ko a lokacin annoba. Ƙa'idar da aka saba ita ce ƙananan ƙwansuna kimanin 75 a hekta ɗaya, tazarar kusan mita 12 tsakaninsu, a maƙala su kafin ƙwarin su fara tashi a watan Afrilu ko Mayu. An yi amfani da shi wajen kare tsoffin bishiyoyi masu shekaru ɗaruruwa a bakin koguna da sansanoni, da kuma waɗanda gobara ta ƙona ba ta kashe ba.

Dendroctonus rufipennis, mai kashe sifurus a Alaska da duwatsun Rocky, shi ma yana jin MCH, sai dai kariyar ba ta kai ta wancan ƙwaron ba. An samu ci gaba da aka haɗa shi da wasu sinadarai na ƙamshin bishiyar Acer.

Ƙamshin bishiyoyin da ƙwaro ba ya ci

Ƙwaron da ya fito daga ɓawo yana da ɗan kitse ne kawai a jikinsa na tafiya, ga maharan da ke jiransa a hanya. Sauka a kan bishiyar da ba tasa ba asara ce. Saboda haka eriyoyin da ke kansa suna da ƙwayoyin jin ƙamshin itatuwa masu faɗin ganye, kuma idan ya ji su yakan kauce.

A 1992 Joseph Dickens da Ronald Billings da Thomas Payne suka nuna cewa sinadaran ɗanyen ganye, waɗanda ke ba da ƙamshin sabuwar ciyawar da aka yanka, suna rage zuwan ƙwari tarkon da aka sa wa feromon. Waɗannan su ne irin su 1-hexanol da (Z)-3-hexen-1-ol. Daga baya aka ƙara wasu daga ɓawon bishiyoyin Betula da Populus, kamar 3-octanol da 1-octen-3-ol da conophthorin. John Borden da ɗalibansa a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada sun yi aiki mai yawa a kansu, haka ma Qing-He Zhang da Fredrik Schlyter a Suwidin. A 2004 waɗannan biyun suka gabatar da ra'ayin cewa dajin da ke da gaurayen itatuwa yana samun kariya daga yawan ƙamshe-ƙamshen da ke cikinsa, domin suna rikita wa ƙwaro hanya. Wannan ra'ayi yana da nauyi a Turai, inda aka shafe fiye da ƙarni ana dasa Picea abies zalla a wuraren da asalinsu gauraye ne.

Su kaɗai waɗannan sinadarai ba su cika kare bishiya ba. Amfaninsu yana fitowa ne idan an haɗa su da barbenon, saboda ƙwaron yana samun saƙo biyu a lokaci ɗaya: ba itacenka ba ne, kuma ya cika. Wani haɗi da Christopher Fettig na hukumar gandun dajin Amurka da abokan aikinsa suka samar, mai ɗauke da barbenon da acetophenone da sinadaran ɗanyen ganye biyu, ya kare Pinus ponderosa daga Dendroctonus brevicomis inda barbenon shi kaɗai ya kasa.

Ita kanta bishiyar da ake ci tana da sinadaran da ƙwaro ke gudu. A sifurus an gano cewa 1,8-cineole, wanda shi ne babban sinadarin man turare na bishiyar Eucalyptus, yana dakushe jin feromon a Ips typographus, haka kuma trans-4-thujanol. Ba kowane irin wannan ne ya cika alkawari ba. A shekarun 1990 an sa rai ƙwarai a kan 4-allylanisole a matsayin maganin Dendroctonus frontalis a kudancin Amurka, amma gwajin da aka yi a kan tsayayyun bishiyoyi bai tabbatar da shi ba. Wannan matsala ce da ta daɗe a fannin: sinadarin da ya rage kamun tarko ba lallai ne ya hana bishiya mutuwa ba.

Yadda ake sawa

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce 'yar jakar roba mai ɗauke da barbenon kimanin giram 7, wanda ke ratsa robar yana fita a hankali na tsawon makonni. Ana maƙala ta a gangar bishiya sama da tsayin mutum, a gefen arewa inda rana ba ta bugawa. Idan bishiya ɗaya ake son karewa akan sa jaka biyu. Idan yanki ne, akan jera su a tazara ɗaya, daga kimanin 50 zuwa 100 a hekta. Lokacin sawa yana da muhimmanci fiye da komai: dole a riga ƙwarin tashi, wanda a wajen Dendroctonus ponderosae yakan kasance a Yuli da Agusta, amma idan an yi sauri da yawa jakar za ta ƙare tun ana tsakiyar buƙata. Kowace shekara sai an sake, sannan a koma a kwashe tsoffin jakunkunan.

Akwai kuma wani mai kama da man kakuma, SPLAT Verb na kamfanin ISCA, wanda ake matsawa a jikin ɓawo dunƙule huɗu a kusurwoyi huɗu na bishiyar. Yana ruɓewa da kansa, ba sai an koma kwasa ba. Na uku su ne ƙananan ɓarɓashin roba da aka jiƙa da sinadarin, waɗanda ake watsawa da hannu ko daga jirgi mai saukar ungulu a wuraren da ƙafa ba ta kaiwa. Nancy Gillette ta jagoranci gwajin waɗannan a Kalifoniya da Idaho da wasu jihohi a shekarun 2000.

Kafin a sa kowanne, shawarar masana ita ce a sare a fitar da duk bishiyar da ke ɗauke da ƙwaro a cikin yankin. In ba haka ba, ƙwarin za su fito ne a tsakiyar wurin da ake son karewa. Masu aikin suna sa safar hannu saboda sinadarin yana iya sa ƙaiƙayi a fata da ido, kuma ana ajiye jakunkunan a cikin sanyi har ranar amfani.

Tura da jawo

Ƙwaron da aka kora bai mutu ba, kuma zai nemi wani wuri. Wannan ya sa ake haɗa korar da jawowa: a sa maganin kora a inda ake son karewa, a sa feromon na kiran gayya a tarkuna ko a wasu bishiyoyin da aka sadaukar can gefe, waɗanda za a sare a ɓare ko a ƙone kafin 'ya'yan ƙwarin su fito. Tarkon da aka fi amfani da shi a Amurka ta Arewa jerin baƙaƙen mazurari ne da ke kama da gangar bishiya daga nesa, wanda Staffan Lindgren ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1980. An yi amfani da wannan dabara a farkon shekarun 1990 wajen ceton Pinus torreyana, wani fayin da ba ya tsira a ko'ina sai kusa da birnin San Diego da wani tsibiri guda, lokacin da Ips paraconfusus ya afka masa bayan fari. Tunani iri ɗaya ne da wanda cibiyar icipe ta Kenya ta yaɗa a gonakin masara, inda ake shuka Desmodium a tsakiya ya kori tsutsar kara, a shuka ciyawar Napier a gefe ta jawo ta.

Jawowa tana da haɗarinta. Feromon yakan tara ƙwari fiye da abin da tarko zai iya kamawa, ragowar su faɗa wa bishiyoyin da ke kusa. Kuma kamun tarko shi kaɗai bai isa ba. A 1979 ƙasar Norwe ta kafa tarkuna kimanin 600,000 ta kama biliyoyin Ips typographus, amma har yau masana suna da saɓani a kan ko tarkunan ne suka kawo ƙarshen annobar ko kuwa dawowar ruwan sama da sanyi.

Kwatanci da feshin guba

Idan bishiya ɗaya ake son tabbatar da ta tsira, feshin guba a gangarta ya fi sinadaran kora tabbas. Carbaryl yana iya kare bishiya har kaka biyu, magunguna irin su bifenthrin da permethrin kuma kaka ɗaya. Sai dai feshin yana buƙatar famfo mai ƙarfi da hanyar mota, dole a jiƙa gangar tun daga ƙasa har sama, an hana shi kusa da ruwa saboda kifi da ƙwarin ruwa, kuma yana kashe ƙwari masu amfani, ciki har da na jinsin Thanasimus da ke farautar ƙwaron ɓawo. Jakar barbenon kuwa mutum ɗaya zai iya ɗaukar da yawa a bayansa ya hau dutse da su. Tsadar sinadarin da kuɗin ma'aikata a kowace shekara ne suka sa ba a ɗaukarsa a matsayin maganin dajin katako mai dubban hekta. A irin wannan daji abin da ya rage shi ne rage cunkoso, da gaggauta fitar da itacen da guguwa ta kayar ko ƙwaro ya kama, da dasa gaurayen itatuwa.

A Turai amfani da sinadaran kora bai wuce matakin gwaji da yawa ba. An fi gwada su a bakin daji inda aka yi sabon sara, domin bishiyoyin da rana ta fara bugawa kai tsaye su ne Ips typographus ya fi so. Wani gwaji a duwatsun Tatra na Silobakiya da aka wallafa a 2011 ya nuna raguwar hari a inda aka sa haɗin barbenon da ƙamshin itatuwa masu faɗin ganye, tare da alamar cewa ƙwarin sun koma kan bishiyoyin da ke gefen wurin. A shekarun tsananin fari, lokacin da ƙwaron ke yin zuriya biyu ko uku a shekara ɗaya, kariyar takan raunana.

Sauran 'yan dangin

An gwada barbenon a kan wasu ƙwarin Scolytinae da ke shiga can cikin itace suna noman funfuna su ci. Ɗaya daga cikinsu shi ne Xyleborus glabratus, ɗan asalin Asiya da aka fara gani kusa da birnin Savannah na jihar Jojiya a 2002, mai yaɗa cutar da ke busar da bishiyoyin dangin fiya, har da gonakin fiya na Fulorida. Ƙwaron 'ya'yan kofi, Hypothenemus hampei, wanda asalinsa daga Afirka yake kuma ya yaɗu zuwa kusan duk ƙasashen da ke noman kofi, shi ma ɗan wannan dangi ne, kuma ana binciken sinadaran da za su kore shi tare da tarkunan da ake sa wa haɗin ethanol da methanol.

Kare Pinus albicaulis

Wurin da barbenon ya fi samun gurbi shi ne aikin ceton Pinus albicaulis, wani fayin da ke tsira a can saman duwatsun yammacin Amurka da Kanada, kusa da inda bishiyoyi ke ƙarewa. Yana girma a hankali, yakan shafe shekaru gommai kafin ya fara ba da iri sosai. Tsuntsun Nucifraga columbiana ne ke binne 'ya'yansa a ƙasa domin ajiyar abinci, waɗanda ya manta su tsiro, kuma beyar yankin Yellowstone tana dogara ga waɗannan 'ya'ya masu mai kafin barcin hunturu. A da sanyin saman duwatsu yana taƙaita Dendroctonus ponderosae a can. Ɗumamar yanayi ta sassauta wannan shingen. A lokaci guda kuma wata cutar tsatsa da funfunar Cronartium ribicola ke haddasawa, wadda ta shigo nahiyar a farkon ƙarni na 20, tana kashe bishiyoyin manya da ƙanana. A watan Disamba na 2022 gwamnatin Amurka ta sanya nau'in a jerin waɗanda ke fuskantar barazanar ɓacewa.

Kaɗan daga cikin bishiyoyin suna da juriyar cutar tsatsa a jininsu. Masu kula da daji suna nemo su, su yi musu lamba, su tattara irinsu, su rena 'ya'yan a gandun reno su gwada su da cutar, aikin da ke ɗaukar shekaru. Idan ƙwaro ya kashe uwar bishiyar kafin a gama, an rasa wannan irin. Yawancinsu suna wuraren da mota ba ta zuwa, wasu a yankunan da doka ta taƙaita feshi da amfani da injuna. Saboda haka a farkon kowane lokacin zafi ma'aikata da 'yan sa-kai suna hawa da ƙafa ko a kan doki, su maƙala wa kowace zaɓaɓɓiyar bishiya jaka biyu na barbenon, wani lokaci tare da jakar sinadaran ɗanyen ganye, sannan su dawo a kaka su duba ko akwai ɗigon danƙo ko garin itace a gindinta. Gwaje-gwajen da Sandra Kegley da Kenneth Gibson suka yi a Montana a shekarun 2000 sun nuna cewa mafi yawan bishiyoyin da aka yi wa haka sun tsira daga harin taro, yayin da waɗanda aka bari ba kariya suka mutu da yawa.